Hawan dutse a ƙasar Zuru: mafakar jiya da tsaron yau

Hawan dutse wasa ne da mutum ke bin jikin dutse mai tsayi da hannu da ƙafa, galibi ɗaure da igiya. An fara fafata shi a gasar Olamfik a Tokyo cikin 2021. A ƙasar Zuru da ke kudu maso gabashin Jihar Kebbi kuwa, neman tsira da rai ne ya koya wa mutane hawan dutse.

Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, sun daɗe suna zaune a kan tuddai da duwatsun yankin. A ƙarni na 19, mahaya dawakin Kontagora, masarautar da Umaru Nagwamatse ya kafa, sun yi ta kai hare-haren kamen bayi a ƙasashen da ke kewaye da su. Doki ba ya hawan dutse, don haka tudu ya zama ganuwa. Bayan Turawan Ingila sun ci Kontagora a 1901, jama'a suka riƙa saukowa fili sannu a hankali domin noma.

A yau masarautar Zuru ta ƙunshi ƙananan hukumomin Zuru da Danko-Wasagu da Fakai da Sakaba. A watan Maris na 2022, 'yan bindiga sun kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a yankin Sakaba. Manomi ba zai kwashe gonarsa ya koma kan dutse ba. Kariyar da tudu ya bai wa kakanninsa ta zama nauyin gwamnati.