Shekarar da Aka Haɗe Gidajen Talabijin na Nijeriya

Duk wanda ya yi nufin fahimtar yadda aka wayi gari mutumin Sakkwato da mutumin Fatakwal suna zaune a sa'a guda, suna duban fuska guda tana karanta musu labari guda, lalle ba shi da makawa sai ya tsaya a kan shekarar 1977, domin a cikinta ne hukumar soja ta tattaro gidajen talabijin da ke hannun jihohi, kowanne da ubangidansa da harshensa da manufarsa, ta ɗaure su da igiya ɗaya.

Asalin warwatsuwar nan kuwa siyasa ce ta haife ta. A 1953 Gwamna Macpherson ya soki jam'iyyar Cif Obafemi Awolowo ta gidan rediyon gwamnati, da Awolowo ya nemi a ba shi damar mayar da martani sai aka hana shi, kuma wannan takaici yana cikin sabubban da suka sa tsarin mulkin 1954 ya halatta wa jihohi kafa gidajen watsa labarai nasu na kansu. Jihar Yamma ta buɗe nata talabijin a Badun ran 31 ga Oktoba 1959, Jihar Gabas ta bi sawu a Inugu a 1960, sa'an nan Sardauna, Allah ya jiƙansa, wanda bai yarda a bar Arewa tana sauraren labarin kanta daga bakin wasu ba, ya kafa na Kaduna a watan Maris 1962, da taimakon kamfanonin Granada da EMI na Ingila. Gwamnatin Tarayya ce ta zo ƙarshe, ta buɗe nata a Ikko a watan Afrilu na wannan shekara. Mai karatu ya lura da wannan, domin auta ce daga baya ta gaje gidan duka.

Bayan yaƙin basasa, da arzikin man fetur ya buɗe, kuɗin ƙarin albashi na Udoji kuma suka shiga aljihun ma'aikata, sai akwatin talabijin da a da ba a ganinsa sai a gidan Bature ko babban attajiri ya fara shiga gidajen malaman makaranta da akawuna, yaran unguwa suna cincirindo a bakin taga tun kafin a buɗe tasha da yamma. Sababbin jihohi su ma suka shiga tsere: Binin ta kafa nata a 1973, Jos a 1974, kuma gidan Jos ɗin nan ne ya riga kowa nuna hoto mai launi, alhali sauran suna kan baƙi da fari.

Shekarar 1977 ta kama da bikin al'adun baƙar fata na duniya, wato FESTAC, wanda aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu. Gwamnatin Janar Obasanjo, wadda ta ɗauki bikin a matsayin shaida ga duniya cewa ƙasar ta warke daga raunin yaƙi, ta zuba dukiya wajen sayen kyamarori da motocin ɗaukar shiri daga fili, ta kuma tara ma'aikatan gidaje dabam-dabam suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa. Abin da ya fi tsaya wa mutanen Arewa a rai shi ne hawan daba da aka yi a Kaduna, inda sarakuna suka fito da dubban dawaki, da 'yan lifidi da 'yan sulke, da kakaki da algaita, har wanda bai taɓa ƙetare Kwara ba ya ga martabar sarautar Arewa yana zaune a ɗakinsa a Ikko. A ganina a nan ne mahukunta suka ƙara sakankancewa cewa abu mai wannan ƙarfi bai kamata a bar shi a hannu barkatai ba.

A watan Mayu aka fitar da doka ta 24, wadda ta kafa hukumar talabijin ta ƙasa, wato NTA, aka kuma mayar da hukuncinta baya zuwa 1 ga Afrilu 1976, domin a halatta karɓewar da aka riga aka fara. Dokar ta ba hukumar ita kaɗai ikon watsa talabijin a faɗin ƙasa, aka raba tashoshi shiyya shida, aka naɗa Injiniya Vincent Maduka, wanda ya fito daga gidan Badun, ya zama babban daraktanta na farko. Labaran ƙarfe tara na dare, waɗanda kowace tasha wajibi ne ta haɗa da Ikko ta watsa su, suka zama kamar majalisar ƙasa ta kullum.

Adalci ya wajabta a faɗi maslahar da ke ciki. Ƙasar da ta ga yadda gidajen watsa labarai na jihohi suka rura wutar gaba kafin yaƙi tana da hujja idan ta ji tsoron maimaici, kuma jihohin da ba su da halin gina tasha sun samu tasu daga aljihun Tarayya. Amma mafsadar ma ba ƙarama ba ce, kuma ita ce ta fi damuna. Gidan da Sardauna ya gina domin ya yi wa jama'arsa magana da harshensu ya koma reshe mai jiran umurni, sa'o'i mafi daraja na dare suka koma na Ingilishi, Hausa kuwa, wadda miliyoyin mutane ba su jin wani harshe bayan nasu sai ita, ta koma neman gurbi a gefe. Abin da ya tsira, kamar wasan Samanja na Usman Baba Pategi, tsohon sojan da ya gauraya Hausa da Turancin bariki har Kudu ta so shi kamar yadda Arewa ta so shi, gwanintar masu shi ce ta tsirar da shi.

Shi ya sa da aka juyo kan rediyo bayan shekara guda, aka nemi a rage wa gidan Kaduna ƙarfin muryarsa, Arewa ba ta yi shiru ba, domin talabijin a lokacin kayan birni ne mai bukatar lantarki, rediyo kuwa abokin manomi ne da makiyayi. Aka yi ta jayayya har aka bar wa Kaduna gajeren zangonta. Ikon kaɗaitar da aka ba NTA ma bai yi tsawon rai ba: tsarin mulkin 1979 ya mayar wa jihohi haƙƙinsu, kuma a 1982 gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta buɗe gidan CTV a Kano, wanda tun daga farkonsa ya ba wasannin kwaikwayo na Hausa babban matsayi.