Kwarashi a Maamobi

Saƙar kwarashi baƙuwa ce a wurinmu, a Turai ta bunƙasa. Lokacin yunwar ƙasar Ailan, wadda ta soma a 1845, mata suka riƙa saƙa leshi suna sayarwa domin su ciyar da 'ya'yansu. Masu mishan na Basel sun sauka Osu a 1828; daga baya matansu suka koya wa 'yan mata ɗinki da saƙa.

A Maamobi, saƙa mai huji-huji, mai hawa da sauka kamar raƙuman ruwa, ita ce mai wuyar koyo. A ƙara a tudu, a rage a kwari. Wadda ta ɓata lissafi sai ta warware. Na san wata gwauruwa da ta biya kuɗin makarantar 'ya'yanta uku da mayafan jarirai irin wannan.