Daga Kafireta Zuwa Ƙwaƙwalwa: Abin Da Garejin Garwa Ya Gani

Duk wanda ya koyi kanikanci a Garwa kafin 1990, a kan Peugeot ya buɗe ido. 404 da 504 su ne sarakunan hanya daga Ngaundere har Marwa, wasunsu haɗin Kaduna, suna shigowa ta Yola da Mubi. Injinsu ba ya ɓoye wa mutum komai: mai ta kafireta, wuta ta kwantak da kwil zuwa filogi. In mota ta mutu a hanyar Pitowa ranar Lahadi ana sammakon kasuwa, direba da kansa zai hura jet da baki, ya kankare kwantak, ya tayar. Iyayen gidanmu da kunne suke saita taimin. Amma masu begen wancan zamani sukan manta yawan tsayawar. Kwantak yana cinyewa, ƙurar hunturu tana toshe kafireta, da wuya motar haya ta yi wata ba a taɓa ta ba.

A lokacin, can waje, an riga an yi nisa wajen maye gurbin kafireta da lantarki. Farkon gwajin ma bai yi kyau ba. A 1958 Chrysler ya sa na'urar fesa mai ta lantarki ƙirar Bendix a wasu 'yan motoci, ta yi ta ba da matsala, kusan duka aka mayar musu da kafireta. Bosch ne ya gyara aikin a 1967 a kan Volkswagen 1600, sannan a 1979 ya haɗa lissafin mai da na wuta cikin akwati ɗaya a BMW 732i. Da dokar hayaƙi ta Turai ta fara aiki a 1992, kafireta ta yi sallama da sababbin motoci a can.

Mu abin ya iske mu ne ta aljihu. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, sabuwar mota ta gagari mai albashi, sai tsofaffin motocin Beljiyam suka fara kwararowa ta Duwala da Kwatano: Corolla, Carina E, Starlet, daga baya 406. Da yawansu da ɗan akwati a ɓoye, wanda muke kira ƙwaƙwalwa. Babu wanda ya koya mana ita, babu littafi, babu na'urar bincike. Shi ya sa maganin farko a gareji da yawa shi ne a tumɓuke injekta a ɗaura kafireta. Mota ta tashi, mai ita ya yi murna, sai shan mai ya ƙaru, ƙarfi ya ragu. Daga nan magana ta bazu cewa motar ƙwaƙwalwa ba ta ƙasar zafi ba ce.

Ban yarda da wannan magana ba, kuma hannuna ya daɗe cikin wayoyi kafin in faɗi haka. Ƙwaƙwalwa ba ta da abin da ke juyawa ko gogewa. A cikin motocin da ake kawowa ana cewa tasu ta ƙone, mafi yawa lafiyarta ƙalau. Abin da ke ciyar da ita ne ya lalace.

Fara da mai. Nan arewa, zuwa-zuwa da ake shigowa da shi daga Najeriya cikin jarkoki shi ya riƙe mutane shekara da shekaru, kuma ba na zargin talaka da ya sayi abin da ya fi sauƙi. Amma ciro famfon da ke cikin tanki ka duba ragar bakinsa: jar laka ce da tsatsa, wani lokaci da ɗigon ruwa a ƙasa. Kafireta tana haƙuri da wannan, domin mai a hankali yake zubo mata. Injekta kuwa matsin bar uku take so, ramukanta kuma kamar na allura. Ga shi man tanki ne ke sanyaya famfon, mu kuma lita biyu-biyu muke saye, a zafin Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40. Kafin 2006 kuma fetur ɗin yankinmu yana da dalma, wadda ke kashe sansar da ke sunsunar hayaƙi a salansa.

Sai hannunmu. Mota ta zo daga Turai, abu na farko a cire tamostat, wai nan ba ƙasar ƙanƙara ba ce. Ƙwaƙwalwa kuwa tana karanta zafin ruwa. Muddin ta ga injin bai ɗumama ba, za ta yi ta ƙara mai, filogi ya yi baƙi. Wani ya cire kan batir injin yana aiki don ya gwada caji, wutar ta yi tsalle ta gasa akwatin. Mai walda ya ɗana waya bai cire komai ba. Yaron wanki ya watsa ruwan famfo cikin soket, bayan sati ka buɗe ka tarar ƙafafunsa sun yi kore. Sansoshi da yawa wutar bolt biyar kacal suke aiki da ita, don haka wayar at guda da ta yi tsatsa ta isa ta sa mota ta riƙa mutuwa a tsakiyar gadar Binuwai.

Sauƙi ya zo da soket ɗin bincike, wanda Amurka ta wajabta a 1996, Turai kuma a 2001 ga motocin fetur. Yau yaro da wayar hannu da ɗan abin soke yana karanta lambar matsala. Sai dai lambar tana nuna layin da ke ciwo ne kawai. Na ga an sayi sabuwar sansa, alhali ɓera ne ya ci waya. A ɓangaren gas kuma, tun da injin mai fesawa da matsin sama da bar dubu ya fito a ƙananan motoci a 1997, ɗigon ruwa ya zama asarar dubban sefa, shi ya sa masu shiga daji har gobe suke riƙe da Land Cruiser mai injin 1HZ marar ƙwaƙwalwa.

Masu jirgin sama sun fi mu tsoron mutuwar inji ana cikin tafiya, domin su babu gefen titi. Air Beetle da aka haɗa guda 60 a Kaduna don koya wa sojojin saman Najeriya tuƙi, asalinsa RV-6A ne, jirgin da mutane ke haɗawa a gida a Amurka. Injinsa Lycoming yana da magneto biyu masu samar da wutarsu da kansu, kowace silinda filogi biyu. Batir ya mutu, injin bai sani ba. Ƙananan jiragen Tétras da aka yi koyon tuƙi da su a Garwa, Rotax 912 ne a ciki, shi ma layin wutarsa biyu. Da Rotax ya fito da 912 iS mai ƙwaƙwalwa a 2012, sai ya ninka komai: layin lissafi biyu, famfon mai biyu, janareto biyu. Ina jinjina wa ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa helikwafta da injin Honda Civic a 2007, amma duk matashin da zai bi sawunsa ya sani cewa injin mota sansar kiranshaf ɗaya gare shi, famfo ɗaya, batir ɗaya. Ɗaya ya tsaya, komai ya tsaya.

'Yan'uwana masu gareji, daga Garwa har Pitowa da Figil, ku saya wa yaranku mita, ku zaunar da su su koyi karanta zanen wayoyi kafin ku ba su sifana. Kai kuma mai mota, ka bar tamostat a wurinsa, ka canza matatar mai a kan lokaci, kada ka bar tanki ya riƙa bushewa, kuma kada ka biya kuɗin sabuwar ƙwaƙwalwa sai an auna wuta da at a gabanka.