Ciki Mazaunin Sihiri: Waiwaye Kan Ƙirar Jikin Maye a Tunanin Bahaushe

1.0 Gabatarwa

Duk al'ummar da ta yarda akwai sihiri, sai ta nema masa mazauni a jikin mai yin sa. Sinawa sun ce ƙarfin yana taruwa ne a wani gurbi da ke ƙasan cibiya. Marubutan ƙagaggun labarai na Ingila da Amurka kan danganta shi da jini, su haɗa mai shi da sanda. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin amsar da Bahaushe ya bayar ga wannan tambaya, ta kuma nuna cewa amsar ba ta sauya ba duk da sauyin addini da na zamani. A wurin Bahaushe, sihiri abu ne da ake haɗiya, mazauninsa kuwa ciki.

Abin da ya ja hankalina ga batun ya faru ne a Gitata, wani gari da ke arewa da Keffi a Jihar Nasarawa, bayan aiki ya raba ni da gida ya kawo ni wannan yanki. Manazarta harshe sun san sunan garin, domin ɗaya daga cikin karorin harshen Gwandara da Shuji Matsushita ya kwatanta a 1974 sunansa yake ɗauke da shi, Gwandara kuwa ita ce mafi kusancin dangantaka da Hausa. Riwaya ta ce kakannin Gwandara daga Kano suka fito saboda ƙin barin addinin gargajiya, har ake fassara sunan da "gwanda rawa da salla". Karorin na je nazari, na tarar ana tashin hankali a wata unguwa ta Hausawa. Yaro ne ya kwanta da zazzaɓi yana sambatu, ya ambaci sunan wata tsohuwa maƙwabciyarsu, aka fito da ita aka tilasta mata ta tsallaka shi. Na tambayi wani dattijo da muke zaune tare, na ce, "Baba, da me aka gane ita ce?" Ya dube ni kamar mai tambayar inda rana ke fitowa, ya ce, "Malam, ai abin a cikinta yake."

2.0 Ƙanƙara da Kurwa

"Abin" da dattijon yake nufi shi ne ƙanƙarar maita. Bahaushe ya ɗauka cewa a cikin maye akwai wasu 'yan duwatsu masu kama da ƙanƙarar da ke zubowa tare da ruwan sama, kuma su ne maitar kanta. Idan maye ya hangi kurwar da ta yi masa, ƙanƙarar ce ke motsawa, miyau ya tsinke masa. Pamela Schmoll, wadda ta yi bincike a yankin Maraɗi ta buga shi a 1993, ta samu bayanin cewa duwatsun suna da rai, akwai mace akwai namiji, suna hayayyafa a cikin mai su, suna kuma neman abinci. Wato dai maye kansa bawa ne ga abin da ke cikinsa.

Hanya biyu ake samun ta, kuma duka ta baki ne. Ta farko gado, wanda ake sha a nonon uwa. Shi ya sa a wurare da yawa ake cewa wanda ubansa kaɗai ne maye yana ganin kurwa amma ba ya iya kama ta. Ta biyu saye, inda maye zai amayo ƙanƙara mai saye ya haɗiye. Maitar saye aka fi tsoro, don an ce mai ita ba ya da linzamin da ɗan gado yake da shi.

Abin da maye ke ci kuwa, kurwa, ita ma an yi mata siffa. Daban take da rai. Tana iya fita daga jiki mutum bai mutu ba, tana firgita ta gudu, ta rikiɗa ta koma ƙadangare ko fara ko wata 'yar dabba, maye ya bi ta ya kama ya ɓoye a kogon itace ko ƙarƙashin dutse har ranar da zai yanka. Tana da ɗanɗano ma, tunda akan ce wane kurwarsa ɗaci gare ta, maye ba ya iya cin ta. Mai tsoron maye yakan ce, "Kurwata kur, ka ci kanka, ka sha baƙin ruwa." A lura da aikatau ɗin da ke cikin wannan zance: ci da sha. Harshen maita gaba ɗayansa harshen abinci ne. Hatta maganin ma haka yake, domin ban da tsallakawa akan sa wanda ake zargi ya kurkure baki a ba majinyaci ruwan ya sha.

Wannan bai zama abin mamaki ba ga wanda ya dubi matsayin kalmar ciki a Hausa. Farin ciki da baƙin ciki a can suke. Mai riƙe sirri zurfin ciki gare shi, wanda aka yaudara ya faɗi abin da ya ɓoye an bugi cikinsa ne. Ɗan tauri ma ci yake yi a ce ya ci magani, ko a ce ya dafu, kamar dai nama.

3.0 Abin da Malamai Suka Kawo

Tarihin fahimtar yana bayyana a tarihin kalmomin. Maye, maita, kurwa, ƙanƙara, boka da tsafi duk na gida ne. Sihiri, asiri, hatimi, ruhi, allo, tawada da alƙalami kuwa daga Larabci aka aro su, ita ma laya masana suna mayar da ita ga kalmar aya. Rukuni na biyun ya shigo da wata fahimta dabam, wadda ta ɗora ƙarfi a kan harafi da lamba da sa'a, abubuwan da ake koya a littafi, ba a gado a nono. Babban misali shi ne Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya bar littafin Durrul Manzum kan ilimin sihiri da taurari, da wani aikin kan lissafin hatimai. Daga baya masu jihadin 1804 suka yaƙi wani sashe na wannan sana'a tare da tsafin itatuwa da duwatsu, kamar yadda Shehu Usmanu ya yi a Nurul Albabi.

To amma me Bahaushe ya yi da rubutun da aka kawo masa? Ya rataya wani a wuya, gaskiya ne. Sai dai wanda ya fi amincewa da shi shi ne wanda aka rubuta a allo aka wanke ya sha. A ganina rubutun sha shi ne mahaɗar fahimtar nan biyu. An sauya abin da ake haɗiya, daga dutse zuwa tawada, an kuma sauya hukuncinsa, amma hanyar da yake bi da wurin da yake sauka suna nan. Tofi ma ta baki yake fita, da miyau.

Rubutaccen adabi ne ya fi nisanta daga tsohuwar ƙirar. Tun daga littattafan gasar 1933, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki, abin al'ajabi yana can ne wata duniya ta aljannu, sai jarumi ya yi tafiya ya isa gare shi. Littattafan yaƙi da ake bugawa a Kano sun cika da bokaye masu madubin tsafi da zobba da takubba, da wuya ka ga wanda aka bayyana mana abin da ke cikinsa. Na sha mamakin yadda marubutanmu ke tsallake ƙanƙara mai rai da kurwa mai ɗaci su tafi aro, ko da yake na fahimci dalili. Zobe ba ya ɓata sunan kowa.

4.0 Gawar da Ba a Buɗewa

Ba Bahaushe kaɗai ya sa maita a cikin jiki ba. Evans-Pritchard ya nuna a 1937 cewa Azande suna ɗaukar ta wani abu ne a cikin mutum da suke kira mangu. Tibi, waɗanda wasunsu ke zaune a kudancin wannan jiha ta Nasarawa, suna da tsav, wanda suka ce yana tsirowa a kan zuciya. Bambancin da ya fi muhimmanci shi ne waɗannan al'ummu biyu sun kasance suna buɗe gawa su duba. Komai raunin hujjar, tana da ƙofar fita, domin idan ba a ga kome ba an wanke mamaci, an wanke danginsa.

Bahaushe Musulmi ba ya buɗe gawa. Ana rasuwa ake wanka a yi sutura a kai makwanci. Saboda haka ya riƙe iƙirarin cewa akwai dutse a ciki, ba shi kuwa da hanyar da zai duba ya tabbatar ko ya ƙaryata. Likitoci sun buɗe cikin mutane ba adadi, abin da suke samu tsakuwar ƙoda ce da ta matsarmama, waɗanda ba su da alaƙa da kurwar kowa, amma wannan bai kashe zancen ba, don an riga an ce ƙanƙara ba ta ganuwa sai mai ita ya amayo ta. Dokar hukunta laifuffuka ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta haramta zargin mutum da maita, sai dai ban ga wanda ya tuna da ita ba a ranar da nake ba da labari.

Tunda kuma an ce a nono ake sha, zargin ba ya tsayawa kan mace ɗaya. Yana sauka kan 'ya'yanta mata da jikokinta ta wajensu, kuma a lokacin binciken aure yake tasowa. Yaron nan na Gitata an kai shi asibiti a Keffi washegari, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, aka yi masa magani ya tashi. Mutanen unguwa suka ce tsallakawar ce ta yi aiki, ta sake shi. Da na koma bayan watanni na tambayi dattijon labarin tsohuwar, ya ce ta koma wurin ɗanta a wani gari, jikarta kuma da aka sa wa rana, dangin mijin sun aiko an mayar musu da kayansu.