Yadda Aka Fara Leƙa Kan Ɗan Tayi

A da, ungozoma a Achilafiya ko Roni da tafin hannu take karanta ciki. Ta lalubo kwanciyar ɗa, ta gane ko kai ya juyo ƙasa, kuma sau da yawa takan dace. Amma abin da ke cikin ƙoƙon kan, wannan sai ranar haihuwa.

Hoton cikin da mata ke zuwa yi a Kazaure yau, asalinsa daga masana'antar ƙarfe yake. A 1955 wani likitan mata a birnin Glasgow, Ian Donald, ya kwashi ƙari da aka ciro daga cikin marasa lafiya ya kai kamfanin Babcock & Wilcox, inda ake amfani da sauti wajen gano tsaguwa a jikin ƙarfe. Ya gwada, sai ga shi amsa-kuwwar ta bambance ƙari mai ruwa da mai tauri. A 1958 shi da John MacVicar da injiniya Tom Brown suka wallafa sakamakonsu a mujallar Lancet. Abu na farko da aka iya aunawa da kyau a jikin ɗan tayi shi ne faɗin kansa, domin ƙashin kai yana mayar da sauti sarai. Da shi ake ƙiyasta watannin ciki har gobe.

A 1972 wani likita, Stuart Campbell, ya gano, a cikin wata mata mai mako 17, cewa ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwar ɗan ba su ginu ba. A 1975 ya hango buɗaɗɗen ƙashin baya. Na'urar MRI kuwa, a 1983 aka fara ba da rahoton gwada ta kan masu juna biyu a Aberdeen.

Abin da ke damuna shi ne lokaci. Bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da laka yana rufewa ne wajen kwana 28 da shigar ciki, mace ba ta ma tabbatar da ɓatan wata ba. Mu kuwa, musamman a cikin fari, kunya kan sa a ɓoye har sai ciki ya fito kafin a fara awo. In an kwanta gaban mai hoto, tambayar da ta fi fitowa ita ce mace ne ko namiji, alhali shi kai yake aunawa, yana duba ko ruwa ya taru a ƙwaƙwalwa.

Tun 1991 bincike ya tabbatar cewa ƙwayar folik asid tana rage nakasar da rashin rufewar bututun nan ke jawowa ƙwarai, in an fara sha tun kafin ɗaukar ciki. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta yi hoto sau ɗaya kafin mako 24. Idan an ga matsala da wuri, ana iya tura mace Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ta haihu kusa da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa, maimakon doguwar naƙuda a gida da kan da ba zai wuce ƙugu ba.