Hoto da Hukuncin 'Yan Zaure a Ƙasar Jega

Tun kafin a ƙirƙiro Jihar Kabi a 1991, mutumin Mungadi da ke bukatar hoto, ko na fasfon aikin Hajji ko na ranar Idi, sai ya nufi Jega, inda mai hoto zai zaunar da shi gaban labule, ya gyara masa karin hula, sa'an nan ya sallame shi sai an wanke. Malamai kuwa sun yi saɓani a kan hoto: wasu sun haramta bisa kiyasi da sassaƙa gunki, wasu sun halatta da hujjar cewa kamun inuwa ne kurum, kamar yadda Shaihu Muhammad Bahit, tsohon Muftin Masar, ya yi fatawa.

Idan hoto ya iso gida, hukuncinsa na hannun 'yan zaure, su ne za su ce wannan ya ƙone, wancan an yanke masa ƙafa. Amma dattawa kan fara da yabo, aibi kuwa sai an keɓe. Da wayar salula ta shigo a 2001, daga bisani ta zo da kyamara, kowane yaro ya zama mai ɗauka, masu suka suka yawaita, ladabi ya ƙaranta. Saboda haka, ya kai mai gyara, sanya nasiha gaba da izgili.