Kabewar Gida da Ekon ta Amurka: Nazarin Kwatanci Daga Kasuwar Kawo, Kaduna

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta kabewar da ake sayarwa a Kawo da wata ƙaramar kabewa ta Arewacin Amurka da ake kira ekon. An duba asalinsu, siffarsu, sinadaransu, juriyarsu ga ajiya da yadda suke shiga girki. Sakamakon ya nuna cewa ekon ta fi kabewa kuzari da harza, amma kabewa ta yi mata fintinkau a bitamin A da daɗewa a ajiye. Saboda haka inganta kabewar gida ya fi shigo da baƙon iri amfani ga manomi da mai girki.

Muhimman kalmomi: kabewa, ekon, Kawo, bitamin A, miyar taushe

1.0 Gabatarwa

Kawo na cikin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, a bakin hanyar da ta nufi Zariya da Kano. Wannan matsayi ya sa amfanin gona daga ƙauyuka ke sauka a kasuwarta, musamman ranar Talata. Daga ƙarshen damina zuwa tsakiyar hunturu kabewa kan cika rumfunan masu kayan miya. A gefe guda, shirye-shiryen girki na intanet suna tallata wa matasa nau'o'in kabewar ƙetare, ciki har da ekon. Tambayar da maƙalar ta ɗauko ita ce: ko ekon za ta iya tsayawa a gurbin kabewa a gona da tukunya?

2.0 Dabarun Bincike

An bi hanyar kwatanci. An ɗauko alƙaluman sinadarai daga rumbun bayanan abinci na Ma'aikatar Noma ta Amurka, aka haɗa da abin da masana tsirrai suka tabbatar game da dangin Cucurbita, sannan aka auna su da yadda ake saye da sarrafa kabewa a Kawo.

3.0 Asali da Siffa

Ekon da kabewa dukkansu 'yan dangin Cucurbita ne, kuma tushensu nahiyar Amurka. A 1997 Bruce Smith ya nuna cewa 'ya'yan Cucurbita pepo da aka tono a kogon Guilá Naquitz na ƙasar Meziko sun kai kimanin shekara 10,000. Ekon reshe ce ta wannan jinsi, kuma fitaccen nau'inta, Table Queen, wani kamfanin iri na birnin Des Moines a jihar Iowa ne ya fito da shi kasuwa a 1913. Kabewa kuwa ta iso Afirka bayan buɗewar hanyar teku zuwa Amurka a ƙarshen ƙarni na 15. A ƙasashe masu zafi, Cucurbita moschata ce ta fi samun karɓuwa saboda jure zafi da laima, ko da yake ana noma maxima da pepo.

Ana iya rarrabe jinsunan ta kallon hannun da ya riƙe ɗan. Na pepo mai tauri ne mai kusurwa biyar. Na moschata yakan buɗe ya yi faɗi a inda ya manne da ɗan. Na maxima kuwa kewayayye ne mai laushi. Ekon ba ta cika wuce kilo ɗaya ba. Bayanta kore ne shar mai zurfafan tsagu, cikinta rawaya-rawaya. Kabewar kasuwa takan kai kilo da yawa, cikinta mai kauri, launinsa daga rawaya zuwa ja-ja.

4.0 Sinadarai

A kowane giram 100 na ɗanye, ekon na da kalori 40, harza giram 1.5 da bitamin C miligiram 11. Kabewa na da kalori 26, harza giram 0.5 da bitamin C miligiram 9. A sinadarin fotasiyam kusan kunnen doki suka yi: 347 da 340. Babban bambancin yana ga bitamin A, inda ekon ke da maikirogiram 18, kabewa kuma 426, wato fiye da ninki 20. Tun da buƙatar baligar mace a rana ta kai kusan maikirogiram 700, giram 100 na kabewa ya ɗauke mata fiye da rabi.

Adadin yakan sauya gwargwadon iri, kuma launin ciki shi ne manuni: iya jan tsokar, iya yawan karotin da jiki ke mayarwa bitamin A. Wannan batu na da nauyi a ƙasar da ƙarancin bitamin A ke jawo dundumi da raunin garkuwar jikin yara, har ya sa gwamnatin Najeriya ta wajabta ƙara shi a fulawa, sukari da man girki tun 2002.

5.0 Ajiya da Ciniki

Ekon na nuna cikin kwana 80 zuwa 100, amma ba ta da juriya. Ko a sanyin digiri 10 zuwa 13 ba ta wuce mako biyar zuwa takwas; daga nan bayanta ya koma rawaya, cikinta ya yi zare-zare. A Kaduna, inda zafin Maris da Afrilu kan haura digiri 30, wa'adin zai ƙara gajarta. Kabewar da ta ƙosa, aka cire ta da hannunta, ba ta ƙuje ba, takan yi watanni a inuwa ba tare da firji ba. Wannan ke ba manomi damar jiran farashi.

Girman kabewa ma ya dace da aljihun mai saye. Mai kayan miya kan fasa guda, ya tsattsaga ta yanka-yanka, ya jera a faranti da cikin a sama. Mai saye sai ya dubi kauri da jan tsokar, ya latsa da yatsa, ya ɗauki daidai kuɗinsa. Manomi kuma yakan wanke 'ya'yan wadda ta fi kyau, ya shanya, ya ajiye irin baɗi, alhali da yawa daga cikin irin ekon na kamfani haɗin aure ne da sai an sake saye kowace shekara.

6.0 Girki

A Amurka ana raba ekon biyu, a gasa ta da man shanu, kowane ɓari rabon mutum ɗaya. Miyar taushe tana buƙatar wani abu daban. Ana fere kabewa, a dafa ta cikin romon nama har ta yi luguf, a dame ta da ludayi, sannan a zuba niƙaƙƙiyar gyaɗa, alayyafo da yakuwa, a ci da tuwon shinkafa ko waina. Tsagun ekon na wahalar da mai fira, tsokarta kuma ba ta da yawan da zai ɗaure miyar babban gida. Bugu da ƙari, maiƙon gyaɗa da manja na taimaka wa jiki ya tsotsi karotin, don haka taushe ta riga ta dace da abin da ilimin abinci ke so.

7.0 Kammalawa

Ekon na iya samun ƙaramar kasuwa a otal-otal da manyan kantuna, amma ba za ta maye gurbin kabewa a Kawo ba. Maƙalar na kira ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa, mai reshe a Bagauda, da su tattara nau'o'in kabewar ƙasar Hausa, su auna karotin ɗinsu, su zaɓi masu jan ciki da daɗewa a ajiye, sannan su isar da irin ga manoma ta hannun malaman gona.